Me Ya Haɗa Totur da Batir?

Kebul ɗin totur ba kayan da ake yawan canzawa ba ne. Mota takan tsufa har ta kwanta da wanda ta zo da shi daga kamfani. Shi ya sa abin ya ɗaure wa kowa kai da wata tsohuwar salun 'yar Japan, ƙirar shekarun 1990, ta cinye biyu cikin 'yan watanni, ta kuma kama na uku. Mai ita malamin sakandare ne a Kano, mutum mai tuƙi a natse. Kullum alamar ɗaya ce. Idan aka sa sabo sai totur ya yi laushi, bayan 'yan makonni ya fara tauri, ka taka da ƙyar, ka ɗaga ƙafa ya ƙi dawowa da wuri. Wata rana ma a kan titin Zariya ya maƙale ɗungum, inji na ta ihu, sai da malamin ya sa ƙafa ya ɗago shi.

Ba shi ne kaɗai ciwon motar ba. Kik ya zama malalaci, yana juya inji da nishi. Idan aka ajiye ta daga yammacin Juma'a, ranar Litinin da safe sai an nemo yaran unguwa su tura. Da dare kuma, da an kunna fitilu sai allurar zafin inji ta ɗaga sama, alhali da rana tsaka, lokacin da ake tsammanin zafi, tana zaune a wurinta.

Kowane ciwo an kai shi wurin mai maganinsa. Bakanike ya ce kebul ɗin da ake sayarwa yanzu jabu ne. Mai batir ya ce batir ya gaji, aka sayi sabo. Aka sauke sitata aka canza mata gawayi. Aka wanke lagireto. Kuɗi ya tafi, mota na nan yadda take.

Daga ƙarshe aka yi wa malamin kwatancen wani tsohon rewaya. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama sauraren ƙorafin nan huɗu. Sannan ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallon wani fili a gefen inji, inda tsatsa ta ci farantin da ke wurin.

"Malam, ina batir?"

"Yana but, Baba. An taɓa ɓalle mini bonet da dare aka ɗauke shi, ga kuma mazauninsa ya ruɓe. Sai na sa aka mayar da shi baya."

"Kafin a mayar da shi, ka taɓa canza kebul ɗin totur?"

Malamin ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce bai taɓa ba. Amma ya ƙara da cewa shi bai ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba, totur aikin ƙafa ne, batir aikin wuta. Tsohon bai yi masa musu ba. Ya ce da yaronsa ya ɗauko na'urar awon wuta da dogayen wayoyi biyu.

Aka fara da wanda aka fi zargi. A kan kawunan batir na'ura ta nuna bolt 12.6, saboda an yi masa caji kwana ɗaya kafin nan. Haka cikakken batir yake nunawa, ɗakuna shida kowanne da bolt 2.1. Tsohon ya cire fiyus ɗin famfon mai don kada inji ya tashi, ya sa yaro ya murɗa makulli. Lamba ta sauka zuwa 11.0 ta tsaya. Batir mai lafiya ne ke riƙe kansa haka a ƙarƙashin nauyin kik. Ba shi da laifi, kuma mai yiwuwa wanda aka jefar ma ba shi da shi.

Aka koma gaba. Tsinke ɗaya na na'ura a kan babban notin sitata, ɗaya a jikinta. Kafin a murɗa makulli, 12.6 ne a nan ma. Malamin ya ce ai wanda ya yi aikin ya gwada a gabansa da ƙwan gwaji, ko'ina ya taɓa yana kamawa. Tsohon ya ce wannan gwajin shi ne ke yaudarar mutane. Matuƙar ba a ja wuta ba, ko silin waya ɗaya ne ya rage zai nuna cikakken bolt, kuma zai kunna ƙaramin ƙwai. Sitata kuwa ta ƙaramar mota mai silinda huɗu takan ja amfiya 150 ko fiye a lokacin da take juya inji. Sai an ɗora wa hanya wannan nauyi ake sanin gaskiyarta.

Yaro ya murɗa. Lamba ta faɗo zuwa 6.3.

Batir na bayar da 11.0, sitata na karɓar 6.3. Tsohon ya ɗauki alli ya rubuta 4.7 a jikin ƙofar gareji. Ya ce wannan ne kuɗin da ya ɓata a hanya, kuma ba za a tashi ba sai an samo shi har kwabon ƙarshe. Abin da yake yi ƙa'ida ce tsohuwa, wadda Bajamushe Gustav Kirchhoff ya bayyana a 1845: idan ka zagaya da'irar wuta ka tara abin da kowane sashe ya ci, dole jimla ta yi daidai da abin da batir ya bayar. Wuta ba ta ɓacewa haka kawai, akwai inda take tsayawa ta zama zafi.

Sashe na farko shi ne jar wayar da aka ja daga but zuwa gaba, tsawonta kusan mita biyar. A ido ba ta da makusa, kaurinta ya kai babban yatsa, robarta ja ce mai sheƙi irin ta masu haɗa manyan sifiku. Aka sa tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a kan notin sitata, aka murɗa. Bolt 2.1 ke mutuwa a cikinta. Tsohon ya kwance ƙarshenta, ya feɗe robar da wuƙa. Kaurin nan duk roba ce, abin da ke ciki bai wuce fensir siriri ba. Ya ɗauki sili ɗaya ya kankare shi, sai jan launin ya tafi, fari ya bayyana. Ya kunna ashana ya kai masa, silin ya lanƙwashe ya zube. Alminiyam ne aka shafa wa tagulla a baya.

Alminiyam na ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne na wutar da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka. Sannan tsawo ma yana da nasa haraji. Wayar asali da ke haɗa batir da sitata ba ta kai mita ɗaya ba, wannan kuwa ta ninka ta sau biyar ko fiye, kuma asarar tana ƙaruwa daidai da tsawon. Wanda ya tsawaita hanya dole ya ƙara kauri. A mita biyar da amfiya 150, tagulla tsantsa mai faɗin murabba'in milimita 35 za ta ci ƙasa da rabin bolt. Wannan siririyar alminiyam, mai murabba'in milimita 10 ko kusa da haka, ta ci sama da biyu.

Yaro ya ce, "Oga, an kama ɓarawo!" Malamin ma har ya fara tambayar kuɗin sabuwar waya. Tsohon ya nuna musu ƙofa. Ya rubuta 2.1 a ƙarƙashin 4.7, ya ja layi, saura 2.6. Ya ce da za a canza jar waya yau a sallami mota, kik zai ɗan ƙara kuzari kowa ya yi murna, amma totur zai fi saurin lalacewa fiye da da. Malamin ya tambayi dalili, ya ce a bari lissafi ya cika.

Yawancin masu mota sun san wuta na fita ta jar waya. Kaɗan ne ke tunanin ta ina take komawa. Duk amfiyar da ta fita daga kan batir mai alamar tarawa sai ta koma ta kan mai alamar ɗebewa, ba ragi. Masu ƙera mota ba sa jan waya ta biyu zuwa kowace fitila, ƙarfen jikin motar suke mayarwa hanyar dawowa. Saboda haka aka koma but. Baƙar waya gajera ce, an ɗaura ta a kan wani noti kusa da fitilar baya, a saman fenti, ba a ko kankare ba. Aka auna tsakanin kan batir da tsiraicin ƙarfen bodi lokacin kik, aka samu 0.3. Aibi ne, amma ƙarami. Saura 2.3, kuma a ganin malamin da yaro an gama bin duk wayoyin da ke akwai.

Nan tsohon ya yi wani abu da bai yi kama da aikin wuta ba. Ya ce malamin ya kama kebul ɗin totur da yatsu biyu, daidai inda ya fito daga kubensa kusa da inji. Ya sa yaro ya riƙe kik na 'yan daƙiƙu. Ba a kai ga sakin makulli ba malamin ya fizge hannu yana yarfewa.

"Baba, ai wuta ce!"

"Ita muke nema tun ɗazu."

Aka sa tsinke ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin bodi, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kamu biyu ba, waɗanda kowa ke ɗauka ƙarfe ɗaya ne. Na'ura ta nuna 2.3. Lissafi ya cika.

Inji da bodi ba ƙarfe ɗaya ba ne. Inji zaune yake a kan kujerun roba don kada girgizarsa ta shiga cikin mota, salansa ma da roba aka rataye ta. Sitata kuwa a jikin inji ko giya take ɗaure, ta nan take zubar da wutarta. Dole ke nan a samu waya mai kauri da za ta haɗa inji da sauran motar. A motoci da yawa na wancan zamani baƙar wayar batir ce ke yin ayyukan biyu: ta fito daga kan batir, ta yada zango a bodi da noti ɗaya, ta wuce zuwa akwatin giya da noti na biyu. Tsohon ya haska tocila a saman giya. Ga wani rami mai zare babu noti a cikinsa, kewaye da shi akwai da'ira mai haske kamar girman kwabo a tsakiyar baƙin maiƙo, shaidar kan wayar da ta shekara da shekaru a wurin. Wanda ya yi ƙaurar batir ya ga tsohuwar baƙar waya ba ta da sauran aiki tunda batir ya tashi, sai ya kwance ta gaba ɗaya.

Idan aka toshe wa ruwan sama kwata, ba tsayawa yake ba, ta ɗakin mutane yake bi. Haka wutar sitata ta yi. Ta rarrabu ta bi duk wani ƙarfe da ya taɓa inji ya kuma taɓa bodi: wata siririyar waya da ta rage a bayan inji, sandunan giya, kebul ɗin awon gudu, da kebul ɗin totur. Aka ɗauko kebul ɗin totur da aka cire a baya, yana nan a but, tsohon ya tsaga kubensa. Silin ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi irin na abin da ya sha wuta, farar robar da ke shimfiɗe a ciki don santsi ta narke ta dunƙule ta kama shi. Kowane kik na safe yana ƙara gasa shi kaɗan, kuma tunda kik ya zama malalaci, sai ana daɗewa ana riƙe da makulli, gashin na ƙaruwa. Dalilin gargaɗinsa na ɗazu ke nan: jar waya mai kyau za ta turo wuta fiye da da, kuma duk ta wannan ƙuntatacciyar hanya za ta koma.

Don kada a ce zance ne, ya ɗauko wayar jona batir ɗaya, ya maƙala baki ɗaya a inji, ɗaya a bodi, ya mayar da fiyus ɗin famfo. Murɗawa ɗaya inji ya tashi.

Da injin na aiki aka warware ciwo na uku. Ya cire wayar jonawa, ya kunna manyan fitilu da fankar cikin mota, allurar zafi ta fara hawa. Ya mayar, ta sauko nan take. Zafin inji ba ya hawa ya sauka cikin ƙiftawar ido, sai dai awon. Na'urar da ke jin zafin ruwa a jikin inji take ɗaure, gejin kuwa yana gaban direba. Altaneta ma a jikin inji take, don haka duk wutar da fitilu suka sha sai ta ratso daga bodi zuwa inji kafin ta koma mata. Da hanyar ta ƙuntata, sai aka samu bambancin kusan rabin bolt tsakanin ɓangarorin biyu, geji ya karanta shi a matsayin zafi. An wanke lagireto ne a kan laifin da bai sani ba. Wannan ƙuncin ne kuma ke tauye caji: altaneta na fitar da 14.2, abin da ke isa but da fitilu a kunne bai wuce 13.3 ba, alhali batir na son tsakanin 13.8 da 14.4 kafin ya ƙoshi.

Saura ɗaya, mutuwar ƙarshen mako. Rashin cikar caji ya bayyana wani ɓangare, amma ba zai kashe sabon batir cikin kwana biyu da rabi ba. Aka kashe komai, aka rufe ƙofofi, aka jawo wayoyin na'ura waje ta gefen murfin but aka rufe shi, na'urar na tsakanin baƙar waya da kan batir. Motar da ke barci bai kamata ta ja fiye da amfiya 0.05 ba. Wannan tana jan 0.45. Aka shiga cire fiyus ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan na fitilun cikin mota, lamba ta faɗi. Amma fitilar rufi a kashe take. Yaro ne ya kawo dabara. Ya kunna bidiyo a wayarsa, ya ajiye ta a but, ya rufe, ya buɗe. Hoton bai yi duhu ba ko na daƙiƙa ɗaya. Garin cusa jar waya ta gefe an lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe makunnin fitilar but, murfi ya daina danna shi. Ƙwai mai wat 5 na jan kusan amfiya 0.4. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin awa sittin da wani abu ne, ya sha kusan rabin batir mai lamba 60, batirin da dama bai cika ba.

Ciwo huɗu sun samu suna, amma tsohon bai bari an tsaya nan ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan mota ya bi jar wayar da hannu. Babu fiyus ko ɗaya tun daga batir har sitata. Inda ta ratsa ƙarfen da ke bayan kujera, an huda rami ne aka zura ta ba tare da zoben roba ba, bakin ƙarfen ya riga ya ci rabin rigarta, kuma tankin mai na ƙarƙashin wannan kujera. Ranar da tsiraicinta ya taɓa bodi, ɗaruruwan amfiya za su bi ta, ba kuma makullin da zai kashe su. Batirin kansa da igiyar roba aka ɗaure shi, kaya mai nauyin kilo 15 zuwa 20 cike da ruwan asid. Jak da ke kusa da shi ya yi tsatsa, farin gari ya taru a kan kawunansa. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. A gaban mota iska na kwashe ta, a rufaffen but taruwa take.

Ajiye batir a baya ba bidi'a ba ce. Tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru a ƙarƙashin kujerar baya take ɗauke da nata, tsohuwar Mini ta Ingila a but, haka Mazda MX-5 ta farko da BMW masu yawa. Suna yin haka don raba nauyi tsakanin gaba da baya, don samun fili, da kuma nisanta batir daga zafin inji. Batun zafin ya shafe mu ƙwarai. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma, ga shi a Kano da Sakkwato zafi na wuce digiri 40 a watan Afrilu tun kafin a kunna inji. Sai dai waɗannan kamfanoni sun biya kuɗin ƙaurar. Sun sa waya mai kauri, sun yi mazauni na ƙarfe mai noti, wasunsu sun jona ƙaramin tiyo daga batir zuwa wajen mota, BMW har da wata na'ura a kan batir mai tsinke wayar sitata idan aka yi karo.

Haka aka bi wajen gyaran. Aka samo jar waya ta tagulla daga jikin wata BMW da aka farfasa, irin kayan da ake nema wurin masu gwanjo a Ƙofar Ruwa. Aka sa babban fiyus na amfiya 200 kamu ɗaya daga kan batir, zoben roba a kowace huda, da maɗauri a kowane taki don kada ta yi lilo. Aka kankare fenti har ƙarfe ya yi haske a wuri mai kauri, aka ɗaura baƙar waya, aka shafa giris a sama. Aka mayar da waya mai kauri daga ramin nan na giya zuwa bodi. Mai walda ya yi mazauni mai noti, aka sa batir a akwati mai tiyon shaƙar iska, aka miƙe ƙarfen makunni. Da aka sake awo lokacin kik, abin da ke ɓata tsakanin batir da sitata bai kai bolt ɗaya ba. Sai a lokacin tsohon ya yarda aka sa sabon kebul ɗin totur.

Wanda tsoron ɓarawo ne kaɗai ke damunsa, kwaɗo a bonet ko kejin ƙarfe a kan batir ya fi masa sauƙi da aminci, ruɓaɓɓen mazauni kuma aikin awa ɗaya ne wurin mai walda. Wanda kuwa ya ƙudura sai ya mayar da batir baya, kafin ya biya kuɗin aiki ya nemi a nuna masa abu biyar da idonsa: cikin jar waya, fiyus kusa da batir, wayar da ta haɗa inji da bodi, mazauni mai noti, da mafitar iska. Sannan ya ce a auna masa wuta a kan sitata ana tsakiyar kik. Idan mai aikin ba shi da na'urar awo, ya kai motarsa wani wuri.